Sallar da Na Yi a Bukkuyum da Guntun Allura

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu ta matan aure ana tambayata, a layin asibiti ma, inda muke haɗuwa mu masu ciwon suga, kowa sai ya matso kusa ya ce, Hajiya Rabi, yaya kika yi da allura a can? Na ba da labarin guntu-guntu har na fara rikita farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi gaba ɗaya yadda ya faru.

Ni mutuniyar Zariya ce, atamfa nake sayarwa a cikin gida. An daɗe da gano ina da suga, tun maigidana yana da rai. Da farko ƙwaya nake sha, daga baya likita ya mayar da ni kan allurar insulin, safe da yamma. Mai wannan allura abu biyu ne suka ɗaure shi. Kwalbar ba ta son zafi, kuma in ka yi allurar dole ka ci abinci ba da jimawa ba. In ba ka ci ba sugan ya faɗi ƙasa, ka sume, wani ma daga nan ba ya tashi.

Autana Sagir ya bi abokai zuwa aikin zinare a wajen Anka. Daga baya ya daina shiga rami, ya koma Gummi yana saye yana sayarwa, ya auri Luba, 'yar wani malamin allo a Bukkuyum. Ban je bikin ba, a lokacin ina kwance da ƙafa. Sai ga waya cewa Luba ta sauka a gidan iyayenta, an samu namiji, kuma suna zai faɗo washegarin Babbar Sallah. Babbar 'yata Binta ta ce ba inda za ni. Ta lissafa mini 'yan bindiga, ta lissafa rashin wuta, ta lissafa abincin Sallah. Na ce mata na ƙi zuwa biki an yi mini uzuri, in na ƙi zuwa suna surukaina za su ce Sagir daga sama ya faɗo. Da ta ga ba zan lanƙwasu ba, ta raka ni wurin likita. Ya gaya mini yadda zan ƙara ko in rage allurar gwargwadon abin da 'yar na'urar gwajina ta nuna, ya ce kada in yi azumin Arfa, kuma kada dabino ya bar jikina. Binta ta cika mini fulas da ƙanƙara, ta naɗe kwalba biyu a leda ta tura ciki, ɗaya sabuwa, ɗaya wadda na ci fiye da rabinta.

Ranar Arfa na tashi, bayan asuba. Daga Zariya zuwa Funtuwa hira ake ta yi a mota, ana ta zancen tsadar raguna. Da muka karkata yamma hirar ta fara mutuwa. Ban ga wani allo da ya ce an shiga Zamfara ba, shirun da ya sauka a motar ne ya gaya mini. Direba ya kashe rediyo. Wata mata da ke kusa da ni ta zare 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane. Ni ma na zare nawa, ban tambayi dalili ba.

A Gusau na sauya mota, na shiga wata ƙarama mai zuwa Anka. An danne mu mu huɗu a baya, an ɗaure wani ƙaton rago a but, murfin a ɗage. Da rana ta take na ji hannuna ya fara sanyi, na san lokacin cin wani abu ya yi. Duk motar kuwa azumi ake. Na ciro dafaffen ƙwai ina ɓarewa a cikin mayafi kamar mai sata, amma ƙwai ba ya ɓoye kansa. Wani dattijo a gaba ya yi gyaran murya, ya soma ba direba labarin falalar ranar Arfa, muryarsa a sama don na baya su ji. Na haɗiye ƙwan da ƙyar. Matar da ke gefena, wata siririya mai suna Ige, ta leƙa jakata ta ga allurai, ta ce wa dattijon a bar baiwar Allah ta ci, ba ta da lahiya. Haka suke faɗi a can, lahiya, tahiya, hura. Dattijon bai waiwayo ba.

Bayan mun bar titin Sakkwato mun kama hanyar Anka, shingayen masu tsaro suka yawaita. A ɗaya daga ciki aka ce kowa ya fito da kayansa. Wani matashi mai bindiga a kafaɗa ya buɗe jakata, ya ga ƙunshin sirinji, fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni wa zan kai wa. Daga baya Ige ta gaya mini ana kama mutane da ke kai wa 'yan daji magunguna da allurai, har da mata, don haka ba laifinsa ba ne. Na ce wa matashin nawa ne, na ce ina da suga. Ya ce kowa ma haka yake cewa. Ya sa na buɗe fulas, na zazzage ƙanƙarar a hannu, na fito da kwalaben. Na ciro na'urar, na soki yatsana a gabansa, jini ya fito, lamba ta bayyana. Na ɗaga hannun rigata kaɗan na nuna masa tabon allura a damtsena. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mahaifinsa ma da wannan ciwon ya rasu, in mayar da kayana.

Wajen mayarwar ne abin ya faru. Na sa sabuwar kwalbar a fulas, na aza shi a bakin but don in ɗaure ledar ɗayar. Ragon nan da ya gaji da ɗauri ya yi wata shura, fulas ya faɗi a kan kwalta. Na ji ƙarar fashewar gilashin ciki. Da na buɗe, ƙanƙara da gilashi da maganin duk sun haɗe sun zama abu ɗaya. Mai ragon ya yi ta ba ni haƙuri. Na tsaya riƙe da guntuwar kwalbar da ta rage a tafin hannuna, na ɗaga ta sama ina kallon inda maganin ya tsaya. In na yi tsimi zai kai ni bayan suna da kaɗan. Direba ya ce a shiga, nan ba wurin tsayawa ba ne.

Mun shiga Anka bayan la'asar. Alkawarinmu da Sagir shi ne zai tare ni a tasha mu wuce Bukkuyum tare. Ban same shi ba. Direbobin tashar suka ce tun azahar ba motar da ta fito daga wancan ɓangaren, kuma ba wanda zai shiga sai gobe in an ji labari. Na gwada waya, ba sabis. Na zauna a kan benci da jakata a cinya, kwalbar a dunƙule cikin hannuna, har na tuna ɗumin hannun ma ɓata ta zai yi. Ige, wadda har ta kama hanyar gida, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Hajiya, ba a kwana tasha garin ga," in ji ta. "Tashi mu tahi gida."

Ta bar saƙo wurin mai sayar da tikiti cewa duk wanda ya zo neman Hajiya daga Zariya a kai shi gidansu. Gidan ƙarami ne, na ƙasa, amma a share tas. Na lura mijinta da ya dawo daga aiki bai shigo ba sai da ya yi wanka a wani zagaye da ke waje, ya sauya tufafi, ya bar takalman a can. Na ɗauka al'adar garin ce. Ige ta ce a'a, dutsen zinare yake niƙawa, kuma ƙurarsa tana da dalma. Su mutanen Bagega ne asali. A shekarun baya a tsakar gida mata suke dakan dutsen, a turmin da ake dakan hatsi, yara suna rarrafe a wurin. Ta ce nata biyu suka tafi a lokacin, kafin a gane abin da ke kashe su. Ta faɗa tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ni kuwa tunanina ya tafi kan Sagir da jaririn da ban gani ba tukuna.

Ta jiƙa tsumma ta naɗe kwalbar, ta tura ta ƙarƙashin randa inda yashi ke da laima. Da aka sha ruwa ta dama hura a ƙatuwar ƙwarya, ta zuba suga ba tausayi, ta fara ajiye mini. Na yi mata bayani, ta fahimta ba gardama, ta kawo mini kwaɗon tafasa da ɗan tuwon dawa. Na yi allura na ci. Ina ma duk inda na je haka abin ya zo da sauƙi.

Idin Anka bai yi kama da namu ba. A Zariya ana fita a tsanake, ana dawowa ana gaishe-gaishe a hanya. Can da wuri aka yi, liman bai ja huɗuba ba, masu tsaro sun juya wa sahu baya suna fuskantar daji. Ana sallamewa kowa ya nufi gida. Ba a jima ba sai ga Sagir ya yi sallama, idanunsa jajur. A Bukkuyum ya kwana, ya ce bai runtsa ba. Ya rame, ya yi baƙi. Na yi niyyar yi masa faɗa, da na gan shi sai na kasa. Na gaya masa zancen kwalbar. Ya ce a Bukkuyum ba za a samu ba, sai dai Gummi, Gummin ma sai an dace, ga shi ana hutun Sallah.

Motoci suka taru aka tafi a jere, kowace tana bin ƙurar ta gabanta. Damina ta kankama, gero ya fara rufe mutum. Da a wani wuri ne da na ce masha Allah. A nan kuwa kowa gonakin yake kallo ta gefen ido. Mun wuce ƙauyuka da ba kowa a ciki, ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito a bakin zaure. A haka muka yi ta tafiya har muka ga gidajen Bukkuyum.

Gidan surukaina a bakin gari yake, bayansa gonaki ne har zuwa rafi. Malam, mahaifin Luba, ya tarbe ni a zaure da addu'a. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, gajeriya ce mai ƙarfin murya. Ta rungume ni kamar mun daɗe da sanin juna. Aka miƙo mini jaririn, na ga goshin marigayi maigidana a fuskarsa, na kau da kai don kada a ga idona.

Daga nan kwanuka suka fara shigowa. A can in baƙo ya sauka, ba gidan da ya sauka kaɗai ke ciyar da shi ba, duk maƙwabta sai sun aiko, kuma mai kwano yana so ya ji an taɓa nasa. Ga hura, ga masa da zuma, ga tuwon shinkafa, ga wani abu da suke kira hoce, wanda ake gasawa da garin dawa, ga lemon kwalba da aka sayo musamman saboda ni. Naman layya kuwa ba a yi masa yadda muke yi. Mu rataye shi muke yi ya kwana, gobe a yanka a soya. Su buɗe ragon suke yi gaba ɗaya a kan sanduna, a jera raguna kewaye da babbar wuta, su yini suna gasuwa. Kayan ciki kawai ake ci ran Sallah. Naman ba ya damuna, sauran ne matsalar.

Na tsakuri nan, na tsakuri can, na rufe. Inna tana kallona. Da aka fitar da ƙwaryar hura yadda aka kawo ta, sai ta kasa daurewa.

"Hajiya, ko hurarmu ta ba ta gamshe ki ba? Mun san ba mu iya girkin birni ba."

Na rantse mata ba haka ba ne. Na yi mata bayanin ciwon, na nuna mata allurar. Ta ce ai suga ba wani abu ba ne, ƙanwarta ta yi shi, sassaƙen wani itace ta sha ta warke. Na tambaye ta ina ƙanwar take, ta ce ta rasu bara, amma ciwon ƙafa ne ya kashe ta. Malam ya aiko da rubutu, na karɓa na sha da bismilla. Sassaƙen da Inna ta yi zance kuwa na ce a ajiye mini sai na tambayi likita. Na ga fuskar Inna ta ƙara rufewa. Na ga Luba ma ta sunkuyar da kai, tana tsakanin uwarta da uwar mijinta. To, kun san kunya. Na jawo ƙwaryar da aka sake damawa na sha ludayi bayan ludayi, na ci masa da zumar, Inna tana sa mini albarka.

Kafin magariba na biya. Ƙishirwa ta taso mini kamar na haɗiyi gishiri, idona ya yi hazo, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Bayan gidan kuwa sai ka ratsa ta gaban zauren Malam, inda maza ke zaune suna juya nama. Na ratsa har na daina ɗaga kai. Da na gwada, lambar ta haura inda ban taɓa ganinta ba. Na yi allurar yamma, na ƙara gwargwadon abin da likita ya ce, ina kallon maganin yana ƙara sauka a kwalba.

Da safe aka raɗa suna, aka sa wa yaro sunan marigayi. Ni dai Angona nake kiransa. Sugan bai gama sauka ba, don haka na jinkirta karin kumallo, na jira har Inna ta ce tuwo ya kusa, ana kwashewa. Na shiga ɗakin da aka sauke ni na yi allura, ita ma da ƙari. Na ajiye jakata, na fito tsakar gida na zauna cikin mata ina jiran kwano.

Sai wata mata ta shigo a guje ba mayafi, ta ce an ga babura a hayin rafi. Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba, kuma ba ihu. Kowace uwa ta sure ɗanta. Maza suka fice ta zaure. Aka bar tukunyar tuwo a kan murhu da muciya a ciki. Inna ta fizgi hannuna, ta tura ni wani ɗaki a ƙuryar gida inda Malam ke ajiye hatsi, shi kaɗai ne mai ƙofar ƙarfe. Luba ta shigo da jariri, wasu mata suka biyo, aka sa sakata. Duhu, zafi, warin maganin ƙwari. Luba ta sa wa yaron nono don kada ya yi kuka. Daga nesa muka ji harbi, ya tsaya, ya sake tashi.

Da farko na ɗauka tsoro ne ya sa zuciyata bugawa. Sai gumi mai sanyi ya karyo mini daga tsakiyar kai. Yatsuna suka fara rawa, leɓɓana suka yi nauyi. Na san wannan, ba yau na fara ba. Na laluba gefena ina neman jaka, sai na tuna tana can ɗaya ɗakin, da dabinon da komai, tsakar gida guda tsakaninmu. Ga allura mai ƙari tana aiki a jikina, ba ko loma a cikina. Na laluba buhunan da ke bayana, dawa ce tsaba. Na ce bari in daure ko za a buɗe. Amma na fara jin muryoyin matan kamar daga cikin rijiya, na san in na ƙara jira ba zan iya faɗin abin da nake so ba. Na kamo zanen Inna.

"Mi as same ki?" ta raɗa.

Na ce suga nake so, ko zuma, ko duk wani abu mai zaƙi, yanzu.

"Ke da kinka ce suga na ciwonki?"

Na ce allurar ce, ta yi yawa, in ban sha ba zan mutu a nan. Harshena yana karyewa, ban san ko ta gane ba. Ta shafa goshina ta ji gumin. Ta miƙe ta kama sakata. Wata mata ta riƙe ta, ta ce za ta jawo mana su. Luba tana kuka ƙasa-ƙasa tana cewa Inna kada ki fita. Inna ta ce baƙuwa ba za ta mutu a ɗakin hatsinta ba, a rufe in ta fita, kada a buɗe sai an ji muryarta.

Haske ya shigo ya ɓace. Abin da ya biyo baya ban riƙe shi sosai ba. Na san an sake harbi, kusa fiye da na farko. Na san na jingina da buhu ina son yin salati, kalmomin suna zamewa. Luba ta ce mini daga baya ta ɗora kaina a cinyarta, jariri a ɗaya hannun, tana kiran sunana ina amsawa da sunan Binta. Sai aka ƙwanƙwasa a hankali. Inna ce, da rarrafe ta je da rarrafe ta dawo, gwiwoyinta duk taɓo. Ba ta san inda jakata take ba, ɗakin mai jego ta shiga ta ɗauko jug ɗin kunun kanwar Luba da ƙullin suga. Ta juye ƙullin gaba ɗaya a ciki, ta motsa da yatsa, ta ɗago kaina ta riƙa ba ni. Ina iya haɗiya, Allah ya taimake ni a nan. Kaɗan-kaɗan duhun idona ya yaye, rawar ta lafa. Abin da na fara gani sosai shi ne fuskar Inna dab da tawa, tana haki.

Sai wajen azahar maza suka dawo. 'Yan bindigar ba su shigo gari ba, in ji su, shanu suka kora a bakin rafi, suka tafi da wani manomi da suka tarar a gonarsa, maƙwabcin Malam ne. Matarsa tana cikin waɗanda muka ɓuya tare. A gabana aka gaya mata. Tuwon sunan ya ƙone a tukunya, ba wanda ya nemi wani. Da yamma Inna ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce in sake yi mata bayanin ciwon nan tun daga farko, a hankali. Na yi mata. Ta ce wannan ciwo ne mai wuyar sha'ani, a ba ka ya kashe ka, a hana ka ya kashe ka. Daga ranar ba ta ƙara ajiye mini kwano ba sai ta tambaya, kuma duk maƙwabciyar da ta aiko da hura ita ke tare ta a ƙofa.

Na so in yi mako, amma allurar da na yi washegari da safe ita ce ta ƙarshe a kwalbar. Sagir ya ce mu bi motocin farko zuwa Gummi. Na yi sallama da Luba da Angona. Inna ta raka ni har bakin zaure, ta ce Allah shi kiyaye hanya.

Gummi gari ne babba, amma Sallah ta rufe shi. Muka bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya. Wannan a kulle, wancan ya ce ba ya ajiyewa saboda rashin wuta, wani ya miƙo mini ƙwaya ya ce duk ɗaya ne. Rana tana yin sama, ni kuwa ina lissafin yamma. A ƙarshe aka kwatanta mana wani mai kanti da ke da firij mai aiki da hasken rana. Muka tarar a rufe, ya tafi gaisuwar Sallah, aka aika a kira shi. A kan bencin ƙofar akwai wani dattijo zaune, siriri ƙwarai, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma. Muka gaisa. Da ya ji abin da ya kawo ni ya ce shi ma shi ya kawo shi. Daga wani ƙauye yake, bayan rafi. Tasa allurar ta daɗe da ƙarewa, hanya ba ta biyuwa, sai yau da ya samu mai babur da ya yarda ya ɗauko shi.

Mai kantin ya zo bayan la'asar, ya buɗe firij, ya duba, ya sake dubawa. Irin tawa ce, irin ta dattijon ce kuma, amma kwalba ɗaya ta rage. Ya ce wata ba za ta zo ba sai motar kaya ta samu shigowa bayan hutu. Ya ajiye ta a kan kanta tsakaninmu, ya ja da baya. Sagir ya fara cewa daga nesa muke, mahaifiyarsa jiya ta kusa mutuwa. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ke baƙuwa ta, ki ɗauka," ya ce mini. "Mu mun saba."

Na kalli ƙafarsa. Ƙudaje suna bin tsumman. Na san irin wannan ƙafar, na kwanta da irinta. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya so ya kai ga kwalbar. Amma gobe in Allah ya so ina Zariya, inda kowane lungu akwai kantin magani. Shi kuwa bayan rafi zai koma. Na tambayi mai kantin ko zai yiwu a zuƙar mini abin da zai kai ni gida a cikin sababbin sirinji, a rufe bakinsu, dattijo ya tafi da kwalbar. Ya ce zai yiwu in na kiyaye su daga zafi, in kuma murza su a hannu kafin in yi. Sagir ya ce in hanya ta rufe fa, muka kwana biyu a Anka? Na ce a ƙara ɗaya saboda haka. Ya ce in ta fi haka? Na ce wa mai kantin ya zuƙa.

Aka zuƙa, aka naɗe mini su a jiƙaƙƙen tsumma. Dattijon ya karɓi kwalbar da hannu biyu. A nan kan bencin ya ɗaga riga ya yi allurarsa, ya ciro guntun hoce daga aljihu yana ci, yana ta sa albarka har na ji kunya.

Na kwana a ɗakin Sagir. Na roƙe shi ya kwaso iyalinsa su dawo Zariya, ya ce sai bayan damina, kuma bai ga alamar Luba za ta bar Inna ba. Ban matsa ba. Washegari hanya ta buɗe, na iso gida da magariba da sirinji ɗaya a jaka. Binta ta ƙirga abin da ya rage, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Maƙwabcin Malam ya dawo bayan an sha wahala, Sagir ya gaya mini a waya. Dattijon kuwa, na sa Sagir ya koma kantin ya tambayi labarinsa. Mai kantin ya ce bai san sunan ƙauyensu ba, kuma tun ranar bai sake zuwa ba. Ganina na ƙarshe da dattijon, yana bayan babur, ya ɗaga ƙafar mai ciwo don kada ta taɓa ƙarfe, hannunsa ɗaya dafe da aljihun gaba inda ya sa kwalbar, sun nufi hanyar rafi kafin rana ta faɗi.